Shago a Gaba, Masana'anta a Baya: Yadda Sana'ar Waya da Intanet Ta Ɗinke Biranen Kudancin Sin

Manhajar WeChat, wadda mutane fiye da biliyan ɗaya ke aika saƙo da biyan kuɗi da ita, mallakar kamfanin Tencent ce, kuma hedikwatar Tencent tana Shenzhen. Amma ba a Shenzhen aka rubuta ta ba. Injiniyoyin Zhang Xiaolong ne suka haɗa ta a Guangzhou, suka fitar da ita a watan Janairun 2011, kuma har yau can ne mazauninsu. Hannayen jarin kamfanin kuwa tun 2004 a kasuwar Hong Kong ake cinikinsu, sannan da yawa daga wayoyin da ake buɗe manhajar a kansu a Dongguan aka harhaɗa su. Abu guda ke nan ya ratsa birane huɗu, kowanne da hukumarsa, ɗaya ma da kuɗinsa da dokarsa da iyakarsa. An saba cewa intanet ta kashe nisa, wai ita ce ta mayar da biranen bakin Kogin Zhujiang gari ɗaya. Ni ina ganin tarihin yankin ya nuna akasin haka. Kamfanonin fasahar zamani sun haɗa waɗannan birane ne domin sun ƙara wa kusanci daraja: sun tsinka aikin kaya guda gida-gida, suka raba wa garuruwan da mota za ta iya zagayawa a wuni ɗaya. Wannan rabon aikin kuma ba su suka ƙirƙiro shi ba, gadonsa suka yi daga masu ɗinkin jaka da masu haɗa rediyo.

Guangzhou tsohuwar tashar fatauci ce, da ta karɓi fataken Larabawa da Farisawa tun zamanin daular Tang, masallacin Huaisheng ma shaida ne. Daga 1757 zuwa 1842 ita kaɗai sarakunan Sin suka yarje wa Turawa su yi ciniki a cikinta. Da Ingila ta ƙwace Hong Kong bayan Yaƙin Ofiyom, sai ƙofar waje ta koma can, a bakin teku. Bayan 1949 aka toshe iyaka, in ban da baje kolin Canton da aka fara a Guangzhou a 1957, wanda ke buɗe taga sau biyu a shekara. Abin da ke tsakanin biranen biyu gonakin shinkafa ne da tafkunan kifi da lambunan itatuwa. Gundumar Bao'an, inda Shenzhen take a yau, mutanenta ba su wuce dubu 300 da ɗoriya ba, samarinta kuma sun yi suna wajen tsallakawa Hong Kong da iyo cikin dare.

Waɗancan da suka tsallaka su ne suka dawo da jari. A 1978 aka buɗe masana'antar jakunkunan hannu ta Taiping a Humen da ke Dongguan, bisa wani tsari mai sauƙi: attajirin Hong Kong ya kawo keken ɗinki da kayan aiki da samfur, gari ya ba da rumfa da ma'aikata, a ɗinka a mayar masa ya sayar a waje. A 1979 Yuan Geng ya buɗe yankin masana'antu na Shekou, a watan Agustan 1980 kuma aka ayyana Shenzhen yankin tattalin arziki na musamman. Cikin shekara ashirin masana'antun Hong Kong kusan duka suka ƙaura zuwa ƙetaren iyaka, suna ɗaukar miliyoyin ma'aikata, ninkin ba ninkin na waɗanda suka taɓa yi musu aiki a gida. Mutanen yankin suka riƙa kiran tsarin da shago a gaba, masana'anta a baya. Ofis da banki da mai karɓar oda suna Hong Kong, injin da gumi suna Shenzhen da Dongguan. Abin da ya sa tsarin ya yi aiki shi ne maigidan yana jin harshen Kantonis kamar shugaban ƙauyen da ya ba shi fili, sau da yawa ma danginsa ne, kuma yana iya karyawa a Kowloon ta Hong Kong ya tsallaka iyakar Lo Wu ya duba ma'aikatansa kafin azahar. Daga wannan zirga-zirgar aka haifi kamfanin aika kaya na SF Express a Shunde a 1993. Wang Wei da 'yan tsirarun yaransa suka fara da ɗaukar samfur da takardun oda tsakanin masana'antu da ofisoshin Hong Kong, domin gidan waya ba ya iya kai su da saurin da masu kaya ke so. Kamfanin da a yau yake da jiragen samansa, wanda cinikin intanet na ƙasar ya jingina da shi, asalinsa ɗan aike ne tsakanin garuruwa biyu.

A kan wannan turba kayan lantarki suka biyo. Ren Zhengfei ya kafa Huawei a 1987, sana'arsa ta farko kuwa sayar da akwatunan haɗa layin tarho da yake sarowa daga Hong Kong. A 1988 Foxconn na Taiwan ya buɗe masana'antarsa ta farko a Shenzhen, a shekarar kuma aka buɗe kasuwar kayan lantarki ta SEG a unguwar Huaqiangbei. Wannan kasuwa ta cancanci a tsaya a dube ta da kyau, domin ita ce cibiyar labarin. Benaye ne hawa-hawa, kowane hawa cike da 'yan kantocin gilashi waɗanda faɗinsu bai fi a miƙe hannu biyu ba. Wannan ba ya sayar da komai sai madannai, na kusa da shi sai batir, na gaba sai gilashin fuskar waya, wata kuma ta jera ƙananan kayan da'irar lantarki naɗe a faifai kamar zare, dubbai a kowane naɗi. Mai kanti na zaune da kalkuleta, 'yan dako na turo kwalaye a kan amalanke, ƙarar salatif ba ta yankewa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka kasuwar 'yan tireda ce. Alhali yawancin kantocin nan tagogi ne kawai: bayan kowanne akwai masana'anta a Bao'an ko Longgang ko Dongguan ko Huizhou. Ka sayi guda goma ka gwada, in sun yi ka ce a kawo dubu goma, mai kanti ya ɗaga waya, mota ta taso. Shago a gaba, masana'anta a baya, sai dai yanzu shagon ya tsallako iyaka ya zauna a Shenzhen.

Abubuwa biyu suka hura wutar kasuwar. Kamfanin MediaTek na Taiwan ya fara sayar da ƙwaƙwalwar waya haɗe da manhajarta, ta yadda ƙaramin kamfani ba ya buƙatar ɗakin bincike, sai dai ya nemi mai zana allo, mai zuba gangar roba, mai harhaɗawa. Sannan a 2007 gwamnatin Sin ta soke lasisin ƙera waya. Nan take ɗaruruwan ƙananan kamfanoni suka ɓullo da wayoyin da ake kira shanzhai, wasu kwaikwayo tsagwaronsa, wasu kuma da dabarun da manyan kamfanoni suka raina: layi biyu, lasifika mai ƙarfi, tocila, batir mai kwana da kwanaki. A nan labarin ya taɓo mu kai tsaye. Najeriya ta shiga zamanin wayar salula a 2001, kuma wayoyin da suka cika hannun talaka bayan 'yan shekaru ta wannan hanya suka zo. 'Yan kasuwar Afirka ta Yamma suka yi zango a Xiaobei da Sanyuanli a Guangzhou, suna sarowa daga Shenzhen, suna fitarwa ta Hong Kong. Masanin halayyar al'umma Gordon Mathews ya ƙiyasta cewa a wani lokaci kusan kashi 20 cikin 100 na wayoyin da ake riƙewa a Afirka kudu da Sahara sun bi ta bene guda, Chungking Mansions da ke titin Nathan a Hong Kong. Kamfanin Transsion, mai Tecno da itel da Infinix, an kafa shi a 2006, ya zauna a Shenzhen, ya mayar da hankalinsa kacokan kan Afirka, har ya zama na ɗaya wajen sayar da waya a nahiyar. Duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ƙarshen wata igiya yake gani wadda ɗaya bakinta ke ɗaure a Huaqiangbei.

Mai musu zai ce wannan duk labarin ƙarfe da roba ne, cinikin intanet na gaskiya ba ruwansa da inda kake zaune, tunda oda na iya fitowa daga Landan ta sauka ko'ina. Gaskiya ne oda ba ta san nisa ba, amma riga ta sani. Dubi kamfanin tufafi na Shein, wanda ya fara a Nanjing amma ya kwaso harkar samar da kayansa ya kawo Panyu a kudancin Guangzhou. Dabararsa ita ce kada ya yi odar dubbai a makance. Yakan sa a ɗinka guda 100 ko 200 na sabon salo, ya ɗora a manhaja, ya ga abin da masu saye suka taɓa, wanda ya karɓu a ƙara, wanda bai karɓu ba a bar shi. Irin wannan ciniki ba ya yiwuwa sai yadi na kusa, a babbar kasuwar yadi ta Zhongda, sai maɓalli da zif suna kusa, sai ɗaruruwan ƙananan shagunan ɗinki suna kusa kuma a shirye su karɓi ƙaramin aiki su gama cikin 'yan kwanaki, sai ma'ajiyar kaya da filin jirgin sama suna kusa. Wato gwargwadon yadda bayanai ke gudu, gwargwadon yadda oda ke ƙanƙancewa tana yawaita, gwargwadon yadda jinkirin kwana biyu a hanya ke zama asara. A da ana jure wa masana'anta mai nisa domin oda ɗaya ce a shekara. Yau da ake sauya salo kowane mako, mai nisa ya fita daga lissafi. Haka abin yake ga masu ƙirƙira. Wang Tao ya fara tunanin jirage marasa matuƙa yana ɗalibi a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Hong Kong, amma a Shenzhen ya kafa DJI a 2006, domin a can ne zai zana wani ɓangare da safe, a ƙera masa, ya gwada, ya gyara, ba tare da jiran jirgin ruwa ba. Tsarin bai yi nisa da na turkuɗin ƙasar Kano ba, inda masaƙa ke wasu garuruwa, marina da mabuga na Kura, dillalai na birni, mai saye kuma yana can Agadas: nisan mai saye bai taɓa hana ciniki ba, amma da masaƙi da marini sun yi wa juna nisa da sana'ar ta mutu.

Musu na biyu ya fi nauyi. Za a ce gwamnatin Sin ce ta yi komai, ita ta ware yankin musamman, ita ta shimfiɗa hanyoyi da layin dogo, kamfanoni kawai sun hau abin da aka gina musu. Ba mai hankalin da zai rage wa gwamnati rabonta. Ba don shawarar Deng Xiaoping da shugabannin lardin Guangdong ba, da iyakar na nan a toshe. Jirgin ƙasa mai saurin gudu da ya haɗa Guangzhou da Shenzhen a 2011, ya kai Hong Kong a 2018, ya mayar da tafiyar Guangzhou zuwa Shenzhen ta kusan rabin sa'a, ba ɗan kasuwa ne ya gina shi ba. Amma a duba jerin shekarun. Babbar hanyar mota ta Guangzhou zuwa Shenzhen, wadda ta ratsa Dongguan ta zama kashin bayan yankin, attajirin Hong Kong Gordon Wu ne ya yi ta naci a kanta ya zuba jarinsa, aka fara bin ta a 1994, lokacin da masana'antu sun riga sun cika gefen tsohuwar hanya. Shirin hukuma na haɗe birane tara da Hong Kong da Macau a matsayin yanki guda sai a watan Fabrairun 2019 ya fito, shekara 41 bayan masana'antar Taiping, shekara huɗu bayan Bankin Duniya ya bayyana cewa yankin ya zarce Tokyo ya zama dunƙulen birni mafi girma a duniya. Sannan Zhuhai da Shantou sun sami gatan da Shenzhen ta samu a shekara guda, ba su zama Shenzhen ba. Bambancin shi ne wa ke maƙwabtaka da shagon. Hasali ma hukumomin biranen sun fi shekara talatin suna kishi da juna, kowa na son tashar jirgin ruwansa da filin jirgin samansa da kamfanonin da zai karɓi harajinsu. Lokacin da Huawei ya kwashe dubban ma'aikatansa zuwa tafkin Songshan a Dongguan a 2018, tsadar fili da gidaje a Shenzhen ce ta kore shi, ba umarnin wani mai tsara birane ba, kuma ba abin da Shenzhen ta yi murna da shi ba ne. Tun daga ranar motocin safa ke jigilar injiniyoyi tsakanin biranen biyu safe da yamma. Kamfani ya tsallake iyakar da hukuma ke tsaro, daga baya hukuma ta biyo da kwalta.

Ko jarin ma haka ya bi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma a farkon shekarun 2000 bankunan Sin ba su san yadda za su ba kamfanin da ba shi da fili ko inji rance ba. Tencent, wanda Ma Huateng da abokansa suka kafa a 1998, ya rayu ne da kuɗin waje, ciki har da na Naspers na Afirka ta Kudu da ya sayi kusan rabin kamfanin a 2001 a kan dala miliyan 30 da ɗoriya. Hong Kong ta rasa masana'antunta, daga baya ta rasa matsayinta na babbar tashar kwantena ga Shenzhen da Guangzhou, amma ta riƙe abin da sauran ba su da shi: kotunan da baƙo ya yarda da su da kuɗin da ke shiga ya fita ba shamaki.

Akwai musu na uku, kuma shi ne wanda ba na iya ture shi gaba ɗaya. Ana iya cewa wannan ba haɗin kai ba ne, danniya ce: riba da manyan albashi suna taruwa a unguwannin Nanshan da Futian na Shenzhen, hayaƙi da aikin dare ana tura su bayan gari. Akwai gaskiya mai ɗaci a nan. Waɗanda suka harhaɗa wayoyin duniya 'yan ci-rani ne daga Hunan da Sichuan da Guangxi da Hubei, waɗanda tsarin rajistar zama na hukou ya daɗe yana hana 'ya'yansu makarantun garin da iyayen suka gina. A 2010 ma'aikatan Foxconn fiye da goma, yawancinsu matasa, suka kashe kansu a Shenzhen, har kamfanin ya ɗaura raga a jikin benayen kwanansu. Saurin da ake yaba wa shagunan ɗinkin Panyu, wani ne ke biyansa da zama a kan keke tun safe har tsakar dare. Garin da ya zama masana'antar wani kuma yana rayuwa ne da shawarar da ba shi ya yanke ba. Dongguan ta ɗanɗana haka a rikicin tattalin arziki na 2008 da masana'antu suka yi ta rufewa, ta sake ɗanɗanawa a 2015 da Microsoft ya rufe tsohuwar masana'antar Nokia, Huizhou ma ta gani a 2019 da Samsung ya tattara ya tafi. Duk da haka ba daidai ba ne a ce bayan gida yana nan bayan gida har abada. Shenzhen kanta bayan gidan Hong Kong ce a 1985. Garin Chang'an na Dongguan, inda Duan Yongping ya kafa BBK a 1995 yana ƙera kayan lantarki na gida, shi ya haifi Oppo da Vivo, waɗanda ke cikin manyan masu sayar da waya a duniya, kuma a Dongguan suka bar hedikwatarsu. Wanda ya shekara ashirin yana zuba ganga da gyaran inji yakan wayi gari ya san abin da mai ba shi oda bai sani ba. Haɗin bai yi adalci ba, amma bai daskare ba, kuma kujerar gaba ta sauya hannu fiye da sau ɗaya cikin shekara arba'in.

Inda ɗinkin bai kama ba shi ma yana ƙarfafa wannan fahimta. Da a ce igiyar intanet ce ke haɗa birane, da Hong Kong da Shenzhen ba su haɗu ba sam, domin intanet ɗinsu ma ba ɗaya ba ce: Google da Facebook da WhatsApp suna buɗewa a Kowloon, a Futian kuwa, tafiyar kusan minti 15 a jirgi, a toshe suke. Abin da ya girgiza dangantakarsu da gaske shi ne rufe iyaka saboda annobar korona daga 2020 zuwa farkon 2023, lokacin da saƙo ke wucewa amma mutum ba ya wucewa. Hukumar kare haƙƙin fasaha ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ke zana taswirar cibiyoyin ƙirƙira bisa adireshin masu rajistar fasaha da masu wallafa bincike ba bisa iyakar hukuma ba, ta ga ɗigon ya haɗe tun daga Hong Kong har Guangzhou, sai ta lissafa su a matsayin cibiya guda, wadda har zuwa 2024 ta yi shekaru tana bin bayan Tokyo da Yokohama a matsayi na biyu. Ɗigon ya bi gabashin kogi ne, ya bi hanyar Gordon Wu.

Yammacin kogi kuwa labarinsa daban. Shunde na da Midea, Zhuhai na da Gree, garin Guzhen na Zhongshan ya shahara da fitilu, Foshan ma jirgin ƙarƙashin ƙasa ya haɗa ta da Guangzhou tun 2010. Amma sana'ar waya da manhaja ba ta yi ƙarfi a can ba, saboda ruwa ya raba su da Huaqiangbei, gadar Humen ta 1997 kuma ta daɗe ita kaɗai tana shan cunkoso. Gadar Hong Kong zuwa Zhuhai da Macau mai tsawon kilomita 55, da aka buɗe a 2018, ba ta taɓa Shenzhen ba, ga shi kuma sai da izini na musamman mota ke hawanta. Wadda ta shafi masu masana'anta kai tsaye ita ce mashigar Shenzhen zuwa Zhongshan, gada haɗe da rami a ƙarƙashin teku, kilomita 24, da aka buɗe ranar 30 ga Yunin 2024, ta rage tafiyar kusan sa'a biyu zuwa kusan minti 30. Fili da haya sun fi araha a Zhongshan nesa ba kusa ba, kuma a karon farko injiniyan Shenzhen na iya zuwa duba layin harhaɗa kayansa a can ya dawo ofis kafin la'asar, kamar yadda ya saba yi da Dongguan.